Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Sarakunan Jihar Kebbi: A Ji Ta Bakin Yarinya Kafin a Shafa Fatiha

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gwandu, Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Kebbi, da Masu Martaba Sarakunan Argungu da Yawuri da Zuru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da tausayin talakawa.

Ni talakarku ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya bayan dogon zama a ɗakin haihuwa, yanzu ina koyar da matan aure a wata Islamiyyar dare. Bisa al'ada kamata ya yi in kai kukana ga mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa uban ƙasa, har ya iso fada. Na rubuto a fili ne domin waɗanda maganar ta shafa yara ne mata da ko zauren gidan ubansu ba su isa su tsaya su yi magana ba. Idan na yi tsaurin ido, a yi mini afuwa.

Roƙona ɗaya ne: ku ba da umarni a duk faɗin masarautunku cewa kada liman ya ɗaura auren budurwa sai an tabbatar da shekarunta, an kuma ji amincewarta ta hannun wadda ba ta da wata riba a auren.

Allah ya taimake ku, kun halarci ɗaurin aure fiye da yadda za a ƙirga, kun san yadda yake gudana. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a harabar masallaci bayan Juma'a. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya ce ya bayar. Liman ya tambayi sadaki, nawa ne, an biya ko ajalan ne. Aka ambaci ci da sha da sutura da muhalli. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, aka ce jama'a kun shaida, aka ce mun shaida, aka raba goro da dabino da alewa. A duk wannan zama an tambayi kowa komai, har naira ɗari da ta rage a sadaki sai an bi ba'asinta. Mutum ɗaya ce ba a tambaya ba, tana can ƙuryar ɗakin kakarta an lulluɓe ta da mayafi. In an ji shessheƙarta sai a ce kukan amarya ne, kowa ma haka ta yi.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 21, ta ce wanda bai kai shekara 18 ba ba ya iya ƙulla aure, in an ƙulla ma bai ƙullu ba. Sashe na 22 ya hana yi wa yaro baiko. Sashe na 23 ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Sai dai wannan doka ba ta hawa kan jiha sai majalisar jihar ta yi tata, kuma mu a Kebbi mun jira har 2022 kafin tsohon gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a tamu, tare da dokar hana cin zarafin jama'a. Maƙwabtanmu na Zamfara ma a shekarar suka yi tasu. Akwai kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro, mace ko namiji, karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Uban da ya cire 'yarsa daga aji biyar ya aurar da ita ya taka wannan dokar tun kafin a zo kan maganar auren.

Amma dokokin suna da ƙofofin baya, lauyoyi sun san su. Tsarin Mulki na 1999 ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga cikin abin da majalisar tarayya ke da ikon tsarawa ita kaɗai. Sashe na 29(4)(b) kuma, wanda asalinsa magana ce a kan wanda ya isa ya ajiye zamansa ɗan ƙasa, ya ce duk matar da ke da aure ana ɗaukarta baliga. Da majalisar dattawa ta so goge wannan layi a 2013, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tashi ya ƙalubalanta, aka sake ƙuri'a, layin ya zauna. Tun daga ranar muhawarar ta koma zage-zage tsakanin Kudu da Arewa, kowa ya ja daga, yaran da ake faɗan a kansu aka manta da su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 16 kuma kafin su kai 15. Wannan lissafin Najeriya ne gaba ɗaya, har da jihohin da abin bai dame su ba. Ku da kuke da ƙauyukan bakin gulbi da na cikin daji a ƙarƙashinku kun san inda nauyin ya fi karkata.

Dokar da aka sa wa hannu a Birnin Kebbi kuwa, ban taɓa jin an karanta ta a zauren wani dagaci ba. Da Turanci take, a cikin kabad take. Matan da nake koyarwa da dare, in na ce akwai dokar da ta ba 'ya'yansu haƙƙi, dariya suke yi, su ce Malama wace doka ce za ta shiga tsakanin mutum da ɗiyarsa? Wannan tambaya ku ne kuke da amsarta, domin talaka bai san sashe na 21 ba, amma ya san in an ce Sarki ya hana.

Na san abin da za a fara cewa: addini ya ba uba iko. Ban zo in yi jayayya da malamai ba, ni ɗaliba ce. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya uba yana da ijbari a kan 'yarsa budurwa, wato ikon aurar da ita ko ba da izininta ba, yana nan a cikin littafin Risala, duk wanda ya zauna a zaure ya karanta. Amma a karanta babin har ƙarshe mana. Wannan iko na uba ne, sai wasiyyin da ya naɗa. Kawu ba shi da shi, baffa ba shi da shi, yaya ba shi da shi, mijin uwa balle. Marainiya kuwa malamai sun ce ba a aurar da ita sai ta balaga ta kuma yarda da bakinta, in ban da wani hali na larura da sai an shawarci alƙali. To, ku bincika ku gani, auren dole nawa ne a ƙauyukanmu baffa ne ya ɗaura wa marainiyar ƙaninsa don ya rage bakin ci a gidansa, ko don gonar gado ta zauna a hannun ɗansa? Waɗannan ko a ma'aunin da masu kare ijbari suka yarda da shi ba su tsaya ba, kuma ana ɗaura su kowace Juma'a, liman bai tambayi waye wannan waliyyin ba.

Shi kansa uban, an ba shi ikon ne a kan zaton ya fi kowa tausayin 'yarsa, zai zaɓa mata abin da ya fi mata alheri. Malamai sun ce in ya nufi cutar da ita, ikon ya faɗi. Hadisin nan da ke cewa babu cuta babu cutarwa, Imamu Malik da kansa ya kawo shi. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a aurar da bazawara sai an shawarce ta, ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, izininta kuwa shi ne shirunta. Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba ta so, aka warware auren. Wata budurwa ma ta zo da irin wannan kuka, aka ba ta zaɓi. Shirun da hadisi ya ambata na wadda aka tambaya ne kunya ta rufe mata baki. Yarinyar da ta ƙi cin abinci kwana da kwanaki, ta gudu gidan gwaggonta aka kamo ta, ta faɗi ta rungume ƙafar uwarta, wannan ta amsa tun tuni. Har kotunan ƙasar nan sun bi wannan hanya: a 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa uban da ya ba 'yarsa damar zaɓen miji ya sauke ikonsa na tilastawa, ba zai dawo daga baya ya ɗaura mata wani ba.

A ƙasar Gwandu kuma ai bai kamata mu zama baƙin wannan magana ba. Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da almajiran waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajoji, wato malamai matan da ta horar, suna tafiya ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Gadon da kuke riƙe da shi ke nan.

Bari in faɗi abin da idona ya gani, domin nan ne nake da ta cewa. Akan kawo mana yarinya a bayan babur ko a cikin motar kasuwa, ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo, wani lokaci an kira wanzamiya ta yi mata yankan gishiri wai don hanya ta buɗe. Ƙugunta bai gama girma ba, kan ɗan ya zo ya cije. Tsawon wannan lokaci yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Ɗan yawanci ba ya zuwa da rai. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, sai ta farka ta ga shimfiɗa a jiƙe, ta zaci fitsarin kwance ta yi, ta ɓoye zanen don kunya. Yoyon fitsari ke nan. Wata har ƙafarta ɗaya ta saki, tana jan ta. Wata kuma jijjiga ce ke kama ta tun kafin haihuwa, ta taune harshenta, kuma wannan ta fi samun masu cikin fari ƙanana. Ba zan ce duk mai yoyon fitsari ƙaramar yarinya ce ba. Na ga uwar 'ya'ya bakwai da ta same shi don babu asibitin da zai yi mata aiki a kusa. Amma ku aika amintaccenku cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a nan Birnin Kebbi, ya zauna ya tambayi matan shekarunsu a lokacin cikin fari, ya kuma tambaye su ina mazajen. Mijin da aka ce in ba a ba shi ita ba duniya za ta tashi, shi ne na farkon aiko da takarda da zarar ɗaki ya fara wari. Uwar nan da aka yi wa barazanar saki in 'yarta ta ƙi zama, ita ce za ka gani zaune a gefen gado da ƙullin tsummoki da sabulu.

Wadda ta tsira da lafiyarta ta nemi fita ta hanyar shari'a, ita ma ga abin da ke jiranta. Na taɓa raka wata yarinya wata kotu, ba ta fi shekara goma sha huɗu ba. Ubanta ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa a hannun wani ɗan kasuwa don noman shinkafar rani, amfanin bai zo yadda aka so ba, bashin ya koma sadaki. Da ta ce ba ta son auren sai aka juya maganar zuwa kul'i, aka ce ta mayar da abin da aka kashe. Mijin ya zaro takarda daga aljihu: kuɗin gaisuwar uwa da uba, kuɗin sa rana, lefe, buhunan takin nan, har da kuɗin babur na zirga-zirga. Yarinyar tana tsaye tana murza bakin hijabinta, ko sisi daga ciki bai taɓa shiga hannunta ba. Alhali Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce a ba mata sadakinsu, su, kyauta da daɗin rai. Kul'i na matar da ta shiga aure da yardarta ne daga baya ta ga ba za ta iya ba. Wadda aka tura da ƙarfi, bincike ya kamata a fara yi ko auren ma ya inganta. Aka ɗaga zama, aka sake ɗagawa, ƙarshe wata 'yar'uwar uwarta ta sayar da awakinta.

Waɗanda ba su sami mai sayar musu da awaki ba, labarinsu yana cikin jaridu. A 1987, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, wata yarinya da ta yi ta gudu daga gidan mijin da aka tilasta mata, ya sare mata ƙafafu don kada ta sake gudu, ta rasu a asibiti. A 2014 a Jihar Kano wata 'yar shekara 14 ta zuba maganin ɓera a abinci, mijin da wasu mutum uku suka mutu. Sauran da ba su kai jarida ba suna tashoshin mota da gidajen abinci na birane, can inda iyayen suka ce suna gudun kada su faɗa.

Ba na ɗaukar iyayen nan azzalumai gaba ɗaya. Da yawansu tsoro ne ke tura su. Uban da ya ji an kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, ya ji wasu 'yan matan sai 2023 suka dawo, wasu da goyo, ya ji na Jangebe a Zamfara, ya sake jin na Maga a nan Kebbi a watan Nuwamban 2025, in ya ce gara ta zauna a ɗakin miji ba za a ce masa mahaukaci ba. Wani kuma tsoron abin kunya ne, yana ganin yarinya da farantin talla har bayan isha'i. Wani yunwa ce tsagwaronta. Sai dai wanda ya ɗora mata tallan shi ne mai cewa ta fara ido da maza, kuma kuɗin tallan na kayan ɗakin auren ne da ake gaggawar yi don a raba ta da tallan. Tsaron makarantu da ciyar da ɗalibai aikin gwamnati ne, kuma gwamnan da muke da shi, Nasir Idris Ƙauran Gwandu, malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa. In kun yi masa magana da murya ɗaya a kan makarantun 'yan mata na jeka-ka-dawo kusa da gida, zai fahimci yaren.

Ra'ayina a kan shekaru ba zan ɓoye shi ba: 18 nake goyon baya, saboda abin da hannuna ya taɓa. Kuma ba mu ne Musulmin farko da za su sa iyaka ba. Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, inda malamanmu ke zuwa ƙaro karatu, ta sa 18 a dokar iyalinta ta 2004, ta bar wa alƙali duba larura. Masar ma ta sa 18 a 2008. Shugaba yana da damar taƙaita abin da yake halal in cutarsa ta bayyana. Ku tara malamanmu na Izala da na ɗariƙu da alƙalai da likitocin mata a ɗaki ɗaya, a ajiye musu bayanan asibiti a gabansu, su fitar da matsaya da za a karanta a kan mumbari. Amma kafin a gama wannan zama, wanda na san zai ɗauki lokaci, akwai abin da za ku iya farawa da takarda ɗaya daga fada.

Mai unguwa ya san ranar sunan kowane yaro a unguwarsa, da shi aka ci naman. A ba shi littafi ya riƙa rubutawa, ya tura iyaye su karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Idan aka sa ranar aure, a sanar da shi da liman tun da sauran makonni. A kowace gunduma a zaɓi dattijuwa biyu ko uku masu mutunci, malamar Islamiyya ko ungozoma ko tsohuwar malamar makaranta, waɗanda ba dangin ango ba ne ba kuma na amarya ba. Su keɓe da yarinyar ba uwa ba gwaggo a wurin, su tambaye ta: kin san shi? kina so? an yi miki barazana? Abin da ta faɗa su kai wa liman. In ta ce a'a, ko aka ga yarinya ce ƙarama, ko ba ta gama ƙaramar sakandare ba, liman ya dakata, magana ta wuce gaban uban ƙasa. Limamin da ya ɗaura a ɓoye, ko dagacin da ya rufe ido don an kai masa buhun shinkafa, ku kuka naɗa su, kun san abin da za ku yi da rawaninsu. A ƙasar Zuru da Yawuri inda ake ɗaura aure a coci ko bisa al'ada, fasto da dattawan gari su bi wannan tsari.

Kada a ce ba a saba ba. Shekarun baya wa ya zaci za a nemi takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure? Yau masallatai da yawa ba sa ɗaurawa sai an nuna ta, Kano har doka ta yi a kai a 2024. Rigakafin shan-inna ma sai da sarakuna suka sa baki, suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka tabbatar da rabuwar Najeriya da asalin ƙwayar cutar a 2020. Mai Martaba Sarkin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, yana cikin waɗanda suka ja ragamar wannan aiki a Arewa, ya san yadda ake bin gari-gari da littafi.

Ina kuma roƙon ku nemi gwamnati ta fassara dokar 2022 zuwa Hausa, da boko da ajami, da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci, a karanta ta a rediyo da ranakun kasuwa. Ku yi magana da Alƙalin Alƙalai na jiha a kan yaran da ake cewa su biya kuɗin da ba su gani ba. Sannan a sanar a kowane gari cewa yarinyar da ta gudo gidan dagaci ko gidan uban ƙasa tana cewa za a yi mata auren dole ta shiga amana, ba za a mayar da ita a daren ba sai an zauna an ji ta bakinta, kuma matar gidan ce za ta riƙe ta har a gama.

Allah ya taimaki Sarakuna, ya sa ku gama lafiya.

Talakarku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Birnin Kebbi.